Yadda ake yi wa kai gayauna a cikin kwamfuta, ga wanda aikin kamfani ya ƙosar

Ranar da na gane abin ya kai inda ya kai, wata Asabar ce da hantsi. Babu mitin, babu saƙon oga, an kawo wuta tun asuba, ga data a waya. Na buɗe laftof da niyyar taɓa wani ɗan shiri da na daɗe ina cewa sai na samu sarari. Allon yana haskawa na ji gabana ya faɗi, kamar almajirin da aka kira biya karatu bai iya allonsa ba. Na rufe ta, na tura ƙarƙashin gado. Ni ne fa wanda a da yake hana cikinsa kuɗin tara don ya sayi awa ɗaya a kafe, ba don komai ba sai don ya ga yadda ake sa rubutu ya sauya launi a shafin intanet.

Shekara uku na yi ina yi wa wani kamfanin ƙetare aiki daga ɗakina. Ƙarfe tara na safiyarsu a gabar yammacin Amurka ita ce biyar ko shida na yammacinmu, gwargwadon lokacin shekara, saboda haka nakan shiga aiki gadan-gadan daidai lokacin da mutane suke alwalar magariba. Albashi bai taɓa makara ba. Amma abin da ya kawo ni wannan sana'a tun farko ya riƙa zirarewa kamar ruwa a kwando.

A gidan da ake noman gandu, kowa yana fita gonar gida ƙarƙashin mai gida, amfanin kuma na rumbun gida ne. Amma akan yanka wa saurayi 'yar gonarsa, gayauna, wadda yake shiga da yamma ko ranar da ba a fita gandu. Abin da zai shuka a can shi ya so: gyaɗa, riɗi, ko kuɓewa, kuma babu mai tambayarsa dami nawa ya ɗaure. Da yawa daga cikinmu masu rubuta manhaja mun bar gandu ya haɗiye gayauna har iyakar ta shafe. Abin da zan zayyana shi ne yadda na sake fitar da tawa iyakar.

Mataki na farko: ka gano wanda ya gundure ka, kwamfutar ce ko aikin

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wannan gajiya a kundinta na rarrabe cututtuka, bugu na 11. Ba ta kira ta cuta ba, cewa ta yi matsala ce da ke tasowa daga matsin wurin aiki wanda ya daɗe ba a magance shi ba. Alamu uku ta lissafa: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga ran mutum har ya riƙa yi masa kallon raini, da jin cewa ba ya tsinana komai. Turawa suna kiran abin da wata kalma mai ma'anar ƙonewa ƙurmus, wadda wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya yaɗa a 1974 bayan ya ga yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta suke ƙarewa a tsaye.

Daga baya Christina Maslach da abokin bincikenta Michael Leiter suka ware wurare shida da wutar take kamawa: yawan aiki, rashin ta cewa a kan yadda za ka yi shi, ƙarancin sakamako ko na kuɗi ko na yabawa, lalacewar zama da abokan aiki, rashin adalci, da saɓani tsakanin abin da zuciyarka ta yarda da shi da abin da ake sa ka yi. Ka sake karanta shidan nan. Babu kwamfuta a cikinsu.

Ga abin da za ka yi. Ka sami takarda da biro, ba waya ba. Tsawon mako guda, kullum bayan ka tashi aiki, ka rubuta abu biyu: me ya fi tsotse ka yau, kuma akwai lokacin da ka shagala har ka manta da agogo? A tawa takardar, gefen tsotsa ya cika da mitin ɗin da ake tashi ba a yanke komai ba, kiran tsakar dare wai saba, babbar kwamfutar da manhajar kamfani ke gudana a kanta, ta faɗi, da rubuta rahoton aikin da ya fi aikin kansa cin lokaci. A ɗaya gefen layi ɗaya tak na samu a duk makon: minti arba'in da na yi ina farautar wani kuskure a kod, wato rubutun umarnin manhaja, har shayina ya huce. Wannan layin ya ishe ni shaida cewa garwashin yana nan ƙarƙashin toka.

Sai dai in ka ga abin ya wuce aiki, abinci ba ya maka daɗi, barci ya ƙaurace maka, hira da 'yan'uwa ta zama nauyi, ko kana jin rayuwar ma ba ta da amfani, to wannan ba maganar laftof ba ce. Ka ga likita, ka kuma faɗa wa wani na kusa da kai. Sauran matakan za su jira ka.

Mataki na biyu: ka bar gonar ta huta

Kuskuren da na fara yi shi ne ƙoƙarin tilasta wa kaina sabon shiri don in “dawo da sha'awa”. Wanda ya ƙoshi har wuya ba a yi masa tayin tuwo, ko da miyar ta sha man shanu. Ka ba kanka mako biyu zuwa huɗu waɗanda in ka tashi aiki ba ka taɓa madannai ba. Ka cire Slack, manhajar saƙonnin wurin aiki, da imel ɗin ofis daga wayarka; in dole ne a same ka lokacin da kake kan jiran kira, ka bar hanya ɗaya kawai, kiran waya. Ka daina bin labaran sabbin kayan aikin da ke fitowa kowane mako. Ba za su ƙare ba, kuma rabinsu ba za su kai baɗi ba.

Na san abin da ke hana mutane wannan hutu: tsoro. A Nuwamban 2022 Meta ta sallami ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Google ta sanar da sallamar 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuwa 18,000. Tun daga nan kowa yake ganin in ya runtsa ido za a wuce shi, sai karatun dare ya koma gudun ceton rai. Koyon abin da zai riƙe maka aiki yana da muhimmanci, amma aikin gandu ne, a lokacin gandu ya kamata a yi shi. Ka nemi awa biyu a mako cikin lokacin aiki don shi, ka faɗa wa oganka a fili.

A makonnin nan ka yi abin da hannu yake taɓawa. Ni gyaran tsohon keken ƙanena na kama, da zuwa majalisa bayan isha'i, wadda na yi shekaru ban zauna ba har aka sa mini suna baƙon Amurka.

Mataki na uku: ka sami na'urar da babu ƙamshin ofis a jikinta

Kada ka yi gayaunarka a laftof ɗin kamfani. Dalili na farko na shari'a ne: kwantiragin aiki da yawa suna ɗauke da sharaɗin cewa abin da ka ƙirƙira da kayan kamfani ko a lokacinsa mallakarsa ne, kuma na'urar tasu takan zo da manhajar sa ido. Ka ɗauko takardar da ka sa wa hannu ka karanta wannan sashe. Dalili na biyu na zuciya ne. Allon da ka saba ganin jan saƙon gaggawa a kansa, jikinka ya riga ya haɗa shi da fargaba.

Ba sai ka kashe kuɗi mai yawa ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana ƙin tsofaffin na'urori da yawa saboda sharuɗɗanta, ciki har da guntun tsaro na TPM 2.0. Ma'ana, laftof masu lafiya lau suna zube a kasuwar kayan hannu da cikin durowoyin gidaje. Tsohuwar ThinkPad ko Latitude mai RAM gigabait 8 ta wadatar, mai 4 ma za ta yi. In ka je saye, ka kunna ta a gaban mai shago, ka cire caja ka ga minti nawa batirin zai riƙe, ka buɗe wurin rubutu ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, ka duba maƙallan murfin ko sun saki. In tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, ka sauya shi da SSD, ma'adanar zamani mai sauri wadda ba ta juyawa. Wannan canji kaɗai yakan sa tsohuwa ta koma budurwa.

Daga nan ka sa mata Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta da za ta maye gurbin Windows. Ka sauke Linux Mint bugun Xfce ko Debian a inda data take da araha, ka rubuta shi a filash mai gigabait 8 da Rufus ko balenaEtcher, ka kwashe duk wani abu mai amfani daga laftof ɗin domin girkawa za ta share shi, ka kunna ta daga filash (a ThinkPad da Dell yawanci F12 ake dannawa da zarar ta kama). Kafin ka girka, ka gwada Wi-Fi da sauti da madannai a yanayin gwaji. In komai yana aiki, sai ka danna girkawa.

Sharaɗi ɗaya ne a kan wannan na'ura: ba a shiga da komai na ofis. Babu imel ɗinsu, babu kalandarsu, babu LinkedIn. In kuɗin wata laftof ba su samu ba, ka buɗe sabon asusun mai amfani a taka ta gida, da wani hoton bango dabam da wasu launuka dabam. Wanda waya kawai yake da ita, manhajar Termux da ake samu a rumbun manhajoji na F-Droid tana ba da Python (harshen rubuta manhaja) da Git (mai adana tarihin gyaran kod) a kan Android, madannai na Bluetooth kuma ba su da tsada.

Mataki na huɗu: ka kafa dokokin gayauna kafin ka yi shuka

Nan ne gizo yake saƙa. Mai sana'ar manhaja ba ya iya ganin ra'ayi mai kyau bai fara lissafin yadda zai zama kamfani ba. Kwana uku da fara ɗan wasa, sai ka same shi yana sayen sunan shafi yana tunanin masu zuba jari. Shi ke nan, ya yi wa kansa sabon oga, kuma wannan ogan a cikin kansa yake kwana.

A 1973 wasu masu bincike a Amurka, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, sun yi gwaji da yaran makarantar raino waɗanda dama suke son zane da alƙaluman launi. Aka yi wa wasu alƙawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu ba a yi musu ba. Da aka dawo bayan kwanaki aka zuba alƙaluman ba tare da alƙawarin komai ba, waɗanda aka yi wa alƙawarin lada sun rage zanen da suke yi don kansu. Abin da albashi da ma'aunin ƙwazo suka yi mana ke nan, sai dai mu shekaru aka yi ana yi.

Dokokina huɗu ne, na rubuta su a bangon littafina. Ba don kuɗi ba. Babu ranar gamawa. Ba za a sa shi a takardar neman aiki ba. Kuma ina da ikon watsar da shi duk ranar da ya daina yi mini daɗi, ba tare da na ba kowa haƙuri ba. Na ƙara da ɓoye korayen akwatunan nan na GitHub, shafin da ake ajiye kod, da ke ƙirga ranakun da ka yi aiki, domin na kama kaina ina tura gyaran waƙafi ɗaya da daddare don kada layin ya yanke.

Za a ce maka ai Linux ma da wasa ya fara. Gaskiya ne: a Agustan 1991 Linus Torvalds, ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki, ya sanar da shi a matsayin abin sha'awa kawai wanda ba zai zama babba ba. Guido van Rossum ma ya fara Python ne a hutun Kirsimetin 1989 don ya sami abin da zai ɗebe masa kewa. Amma mutane suna karanta labarin a juye. Suna jin “ka yi wasa don ka zama Torvalds”, alhali shi bai yi don ya zama kowa ba. Dubban ɗalibai sun yi irin nasa wasan a shekarun nan, babu wanda ya san sunansu, kuma ba su yi asara ba.

Mataki na biyar: ka zaɓi abu ƙarami wanda za ka iya riƙe shi duka a kanka

Aikin kamfani yakan sa mutum ya zama mai ɗaura bulo ɗaya a ginin da bai taɓa ganin taswirarsa ba. Maganin wannan shi ne abin da kai ka san farkonsa da ƙarshensa. Ka tuna abin da ya fara kama ka: wasa ne, zane ne, lissafi ne, ko kwance rediyon babanka? Ka koma can kusa. Ga uku da na gwada.

Na farko na yamma ɗaya ne, kuma namu ne. Ka buɗe Python, ka zuba kalmomin nan a jeri: zuma, ɓera, baki, ƙasa, kaza, ɗaki, doki. Ka ce ya jera su. Za ka ga ɓera da ɗaki da ƙasa duk sun koma bayan zuma, kamar baƙin da aka ajiye a zaure. Dalili shi ne kwamfuta tana bin lambar kowane harafi a tsarin Unicode ne, kuma haruffanmu masu lanƙwasa suna can nesa: ƙ tana U+0199, ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257. Gyaran shi ne ka rubuta jerin abacada da kanka, b sannan ɓ, d sannan ɗ, k sannan ƙ, ka ba kowanne lamba, ka sa shirin ya yi jeri da lambobinka. Kana cikin murna sai ka tuna sh da ts, waɗanda haruffa biyu ne a ido amma sauti ɗaya ne, sai ka koya wa shirin ya fara duba tagwaye kafin tilo. Daga nan ga ƴ da ake rubutawa a Nijar da 'y da ake rubutawa a Najeriya, su ma dole su zauna a kujera ɗaya. Layi ashirin ne ko talatin. Ranar da ɓera ya zauna bayan baki, dariya na yi ni kaɗai a ɗaki har matata ta leƙo.

Na biyu na makonni ne: rubuta shirin da ke kwaikwayon CHIP-8, wata 'yar na'urar wasa ta cikin manhaja da Joseph Weisbecker ya ƙirƙira a shekarun 1970. Duk duniyarta ba ta wuce tafin hannu ba: ma'adana mai bait 4,096, rijista (ƙananan wuraren riƙe lamba) 16, allo mai ɗigo 64 a kwance da 32 a tsaye, maɓallai 16, da umarni 35 kacal, kowanne bait biyu. Ga yadda za ka bi. Ka ware jerin bait 4,096, ka loda shirin wasan daga adireshi na 512. Ka rubuta madauki mai abu uku: ɗauko bait biyu, gane wane umarni ne, aiwatar. Kada ka rubuta duka 35 ɗin a tashi ɗaya. Akwai sanannen shirin gwaji da ke zana tambarin IBM, wanda umarni shida kawai yake buƙata: share allo, tsalle, sa lamba a rijista, ƙara lamba, saita manuni, da zane. Zanen ne mai wuya, domin kowane ɗigo ana juya shi ne, in a kunne yake ya mutu, in a mace yake ya kunnu. Za ka yi kuskure, hoton ya fito a karkace ko a yage. Ka bi shi a hankali. Lokacin da haruffan nan uku suka tsaya cak a allonka, ka san babu ɗigo ɗaya a ciki da ba ka san yadda aka yi ya zo ba. Rabon da in ji haka a wurin aiki har na manta.

Na uku na masu son abin taɓawa ne. Raspberry Pi Pico, ɗan allon lantarki da ake sarrafa na'urori da shi, wanda ya fito a 2021 a kan dala 4, yana karɓar MicroPython, wato Python na ƙananan na'urori. Ka fara da kunna 'yar fitilar da ke jikinsa tana ƙiftawa, daga nan ka haɗa masa na'urar auna nisa ta HC-SR04 a murfin tankin ruwa, ya riƙa gaya maka saura nawa kafin a kira mai ruwa. Ka kula, na'urar tana aiki da bolt 5, ƙafafun Pico kuwa 3.3 suke ɗauka, don haka sai ka rage ƙarfin wayar amsa da resisto biyu, in ba haka ba ka ƙona shi. Kuma kada ka kusanci wutar gida da irin wannan wasa.

In babu wanda ya yi maka a cikin ukun, akwai littafin adashen gidanku a SQLite, 'yar manhajar adana bayanai, ko shirin juya kwanan wata zuwa na Hijira bisa lissafin zagayen shekara 30 da 11 daga ciki suke da kwana 355, tare da sanin cewa ganin wata ne ke yanke hukunci, lissafinka kintace ne. Masu son wasan ƙwaƙwalwa kuma ga Project Euler, ga Advent of Code da ake yi kowace Disamba tun 2015, muddin ba ka leƙa jerin masu tsere ba.

Wata shawara da wasu ba za su so ba: a gayauna ka kashe mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira da ke cika maka kod. A gandu yana da amfaninsa, tun da sauri ake nema. A nan kuwa daɗin yana cikin kokawar ne, kuma wanda ya ba wani ya tauna masa rake bai sha rake ba.

Mataki na shida: lokaci kaɗan, sananne, kuma ka tashi da sauran marmari

Awa ɗaya ko ɗaya da rabi, sau biyu a mako, ya isa. Ka zaɓi lokacin da kanka yake sabo. Ni bayan sallar asuba ta Asabar da ta Lahadi ce, kafin gida ya tashi. Ragowar daren da aiki ya tauna ya tofar ba ya haifar da komai sai ƙarin ƙiyayya. 'Yar'uwa da ke tashi daga aikin ofis ta faɗa girki da hidimar yara, ke sai kin yi maganar wannan awa a fili da mutanen gida an san taki ce, in ba haka ba ba za ta taɓa samuwa ba.

Ka tashi tun abin yana maka daɗi. In ka ga ka gano bakin zaren wata matsala, kada ka ce sai ka ƙarasa ko da za a kai azahar. Ka rubuta a littafi, “gobe a fara daga umarnin zane, ina zargin lissafin gefen allo”, ka rufe. Wannan layin shi zai jawo ka mako mai zuwa ba tare da ka yi wa kanka wa'azi ba.

Ka shirya wa ɗaukewar wuta da ƙarewar data tun kafin su zo. Takardun bayanin Python ana sauke su gaba ɗaya, Kiwix kuma yana ba ka Wikipedia ba tare da intanet ba. Na ma gano cewa ranakun da babu intanet sun fi albarka, domin babu ƙofar da zan zille ta ciki.

Mataki na bakwai: ka shigo da mutane, amma ka san wa kake buɗe wa ƙofa

Bayan wata biyu ko uku, in ka ji ƙarfi ya dawo, ka nuna wa wani. Mafi sauƙi shi ne yaro. Ka sa wa 'yar ƙanwarka Scratch, shirin koyon haɗa manhaja wanda aka yi a jami'ar MIT don yara kuma yana aiki ba intanet, ka zauna gefe ka riƙe hannunka a aljihu. Ranar da ta sa kyanwar da ke allon Scratch ta yi tafiya ta juyo, ihun da za ta yi irin wanda ka yi ne a kafe shekarun baya, kuma yana yaɗuwa kamar hamma.

Akwai kuma ayyukan gayya da ba su da oga: gyara maƙala a Wikipedia ta Hausa, karanta jimloli da muryarka a Common Voice na Mozilla, ko zana lungunan unguwarku a OpenStreetMap. Ka shiga ka fita yadda ka ga dama.

Inda zan ja kunnenka shi ne sakin shirinka ga duniya. Da zarar mutane sun fara dogara da shi, saƙonni za su fara zuwa: wannan ba ya aiki, yaushe za ka ƙara kaza. A Maris ɗin 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'urarsa ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yana jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya gano ƙofar ɓoye da aka dasa a xz, wata manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane Linux. Da aka tono tarihin, sai aka ga mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana ɗauke da aikin a matsayin abin sha'awa, ba biya, ana ta matsa masa da ƙorafi, har ya miƙa wa wani baƙo da ya nuna yana son taimako amanar aikin. In za ka saki naka, ka rubuta a saman bayaninsa cewa abin wasa ne, babu alƙawarin gyara, wanda yake so ya kwafa ya ci gaba. Ka kashe sanarwar imel. “A'a, ba zan ƙara wannan ba” cikakkiyar amsa ce.

Mataki na takwas: ka koma kan takardar nan ta farko

Gayauna ba ta gyara gandun da ya lalace. Bayan wata uku ka ɗauko takardar makon farko ka duba wanne cikin shidan nan ne ya fi cin ka. In yawan aiki ne ko kiran dare, ka je wa oganka da magana ƙididdigagga: sau kaza aka tashe ni a watan jiya, ina neman a raba jiran kiran ko a ba ni hutun washegari. In rashin adalci ne ko an sa ka abin da zuciyarka ta ƙi, wannan ba ya gyaruwa da mitin, sai ka fara tara kuɗin 'yan watanni kana neman wani wuri a nutse. Na san waɗanda suka bar sana'ar ɗungurungum, suka koma koyarwa ko kasuwa, kuma sai a lokacin suka dawo suna rubuta kod da daddare don nishaɗi.

Ni ban bar sana'ar ba, wurin na sauya, na karɓi albashin da bai kai na da ba a inda ake tashi kafin magariba. Kwaikwayon CHIP-8 ɗina har yau sautinsa bai yi aiki ba, wata takwas ke nan. A littafin an rubuta “a duba agogon sauti, sau 60 a daƙiƙa”, da kwanan watan da na rubuta. Asabar ɗin da ta wuce na buɗe shafin, na karanta, na rufe, na koma kan tankin ruwa, domin na'urar tana ta rantsuwa tankin a cike yake alhali famfo ko ɗigo ba ya yi. Da na hau sama na duba, gizo-gizo ne ya yi saƙa a bakinta.